Tsibin Doya a Kan Teburin Yashi

Jiya da la'asar ina zaune a bencin mai shayin da ke kallon shagonku, na ji kuna musu har da tada jijiyar wuya, wai wasan yaƙin da ke cikin kwamfutar wane ya fi na wane kama da gaskiya. Ɗaya yana cewa tankar da ke cikin nasa har kusoshinta daidai suke da na tankar yaƙin duniya, ɗaya yana rantsuwa ko ƙarar bindigar nasa ta gaske ce aka ɗauko. Da na sa baki na ce ni ma na yi wannan sana'ar, sai kuka bushe da dariya, wani a cikinku ya ce, "Haba Baba, wasan ƙasa ai ba sana'a ba ce." To, ku gyara zama. Wannan wasan ƙasar shekara goma sha uku ina ci da iyalina da shi, kuma kwamfuta irin taku ce ta raba ni da shi, ita da taurin kaina.

Teburin yashi akwati ne na katako, tsawonsa taku shida, faɗinsa huɗu, ƙafafunsa sun kawo ƙugu, an cika shi da yashi. Kafin sojojin barikin nan namu su fita atisaye a daji, wato yaƙin gwaji, hafsoshi kan kewaye shi da sanduna a hannu, suna nuna inda motoci za su bi, inda za a girke igwa, babbar bindigar nan da mota ke ja, da inda abokan gaba suke ɓoye. Aikina shi ne in mai da yashin ya zama wannan dajin sak, da tudunsa da kwarinsa. Sojoji suka raɗa mini suna Janar Yashi. Sunan yanka Mamman, amma har yau akwai tsofaffin kuratan da in sun gan ni a kasuwa sai sun ƙame mini.

Aikin farko da ya kai ni ɗakin da teburin yake a farkon shekarun tamanin ba na yashi ba ne. Ni kafinta ne, gara ce ta cinye ƙafar teburin aka kira ni in canja ta. Mai kula da ɗakin a lokacin wani tsohon soja ne mutumin wajen Rijau, Baba Sajan Dantani, wanda ya dawo daga yaƙin basasa da ɗingishi. Yana zaune yana kallona har na gama, sai ya ce, "Kai yaro, hannunka ba ya rawa. Kana son aikin gwamnati?" Ni da na ji an ce gwamnati ko tambayar wane aiki ne ban yi ba.

Kayan aikin ba wasu na a zo a gani ba ne. Rariya, cokalin magina, buta, zare da ƙananan kusoshi na raba teburin gida-gida daidai da layukan taswira. Garin katako muke rinawa, shuɗin wanki ya ba mu ruwa, ɗanyen ganye da aka daka ya ba mu ciyawa, jar ƙasa ta ba mu hanya. Soso ake yagawa a tsire a tsinken tsintsiya ya zama bishiya. Kwalin ashana shi ne mota, shi ne gida, in an kifa shi an huda shi kuma ya zama gada. Duk wannan a mako guda mutum zai iya. Abin da ba ya koyuwa a mako guda shi ne yashin kansa: in ruwa ya yi masa kaɗan tsauni ya zube ana tsakiyar bayani, in ya yi yawa kuma tsauni ya zauna daɓas kamar tuwon da bai ji gari ba.

Rafin farko da na yi, na ji kamar in kira mutanen unguwarmu su gani. Na zuba masa shuɗi yana ta lanƙwasa gwanin sha'awa. Baba Sajan ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa a saman tudun. Ruwa ya gangaro ya yi gabas abinsa, rafina yana can yamma a bushe.

"Rafinka hawa yake yi?" in ji shi.

Na ce, "Baba, haka yake a taswira."

"Taswirar a kife ka riƙe ta, ɗan malamai. Rusa."

Dokarsa guda ce: abin da ƙafarka ba ta taka ba, kada hannunka ya ɗora shi a teburi. Da gurguwar ƙafar nan tasa yake shiga dajin Zugurma, ni ina biye da gorar ruwa ina tsine wa ranar da na ji kalmar gwamnati. Ya tsaya ya soka sanda a ƙasa ya ga zurfin laka, ya tsai da Bafulatani ya tambaye shi inda shanu ke ƙetarewa da damina. Wata rana na ce masa wahalar ta yi yawa, ai wasa ne kawai za su yi. Ya dube ni ya ce a lokacin yaƙi an taɓa nuna musu wata ƙorama a takarda, siririya kamar zare, da suka isa sai suka tarar ta sha kan mutum, kuma ba duka suka ƙetare ba. Daga wannan bai ƙara ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Masu ba mu aiki kuwa kala-kala ne. Akwai wani Manjo da ya sa na ƙara wa wani tudu tsawo har sau biyu, don a kansa zai tsaya ranar atisaye, ba ya son a ce tudun Manjo gajere ne. Akwai wani Laftanar mai son tarihi, shi kuma ya kawo mini littafi mai hotuna ya ce in gina masa wani tsohon fagen yaƙi na ƙasar Turai, komai da komai yadda yake, har da dusar ƙanƙara. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin firjin mai sai da lemo! Na yi tunani na yi tunani, na sayo garin rogo mudu uku na barbaɗe teburin fari fat. Laftanar ya gani ya ce wallahi kamar yana can. Washegari muka buɗe ɗaki, ɓeraye sun cinye rabin ƙasar Turai, sun bar mana kashinsu a kan hanyar da rundunar sarki za ta bi. Laccar da ba a yi ba ke nan sai bayan kwana biyu.

Da Baba Sajan ya gaji ya koma gida, ɗaki ya zama nawa. A nan ne zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa hafsa ko ɗaya ba. Shekara bakwai ƙafata ba ta taka dajin da nake ginawa ba. In an ce in je in duba wuri, sai in hau mota in sauka a Auna gidan surukina, in kwana biyu ina cin kifi. Ranar dawowa in nemi kududdufi in tsoma takalmina, in shigo bariki ina ɗingisawa ina cewa, "Kai, dajin nan ba sauƙi." Sannan in shimfiɗa taswira in kwafe ta tsaf, in ƙawata ta da soso. Asirina bai tonu ba don yawancin atisayen da rani ake yi, ƙasa ta bushe, ko'ina mota ta bi ta wuce. Har yaba mini ake yi, wai na fi tsohon iya ado.

Shekarar da ta zame mini baƙa tana wajen tsakiyar shekarun casa'in. Wani matashin hafsa, Kyaftin Haruna, ya dawo daga kwas a ƙasar waje da kwamfuta a cikin kwali uku. Yaro ne mai ladabi, ban taɓa jin ya ce mini Janar Yashi ba, kullum Malam Mamman. A cikin kwamfutar akwai wani wasan yaƙi da Turawa suka tsara. Allon a rarrabe yake gida-gida kamar saƙar zuma, kowane gida da launinsa, kana iya zana ƙasar da kake so, ka jera motocinka da na abokan gaba, ka danna, ita kuma ta lissafa wanda ya ci wani. Kyaftin ya ce waɗanda suka yi shi sun bi tarihi filla-filla, nauyin kowace tanka, gudunta, man da take sha, babu na ƙarya. Hafsoshin da suke cika ɗakina suka koma ofishinsa suna leƙe ta kafaɗar juna. Ni ma na leƙa sau ɗaya, na ga abin ya yi kyau, raina ya ɓaci.

A daidai lokacin ne kuma ake raɗe-raɗin za a rage ma'aikata farar hula. Sai Kanar, babban kwamandanmu, ya ce za a yi atisayen damina a wajen Zugurma, a shirya masa bayanin iri biyu, na kwamfuta da na yashi, ya gani da idonsa. Ɗaki kuwa guda ne, kowa ya san wanda ya burge shi ne zai zauna a ciki.

Ana saura mako guda Kyaftin ya same ni ina tankaɗe yashi. Ya miƙo mini takardar da kwamfutar ta buga, da jan layi ya ratsa wani wuri da taswira ta ce fili ne.

"Malam Mamman, ba zan ɓoye maka ba, teburin nan kwanansa ya ƙare, ko da ni ko ba ni. Amma in aka kawo kwamfuta nan za a sa na'urar sanyaya ɗaki, ana bukatar mutum mai tsabta da zai kula da wurin. Na riga na ambaci sunanka. Kai dai ka gina mana wannan yadda yake a takarda, mu gama lafiya."

Na ce, "To, ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri."

Ya juya zai fita ya shafa gefen teburin ya ce, "Tsohon yayi ke nan, ya yi aikinsa." Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, na kwana da ita na tashi da ita. Ga aiki an miƙo mini a hannu, ɗaki mai sanyi, ga 'ya'ya biyar a gida, abin da ya rage kawai in yi abin da na saba yi shekara bakwai, in kwafi takarda. Sai na ce a'a, sai na je na nemo wa na'urar nan laifi. Kada ku ce gaskiya ce ta motsa ni, ko wasiyyar Baba Sajan. Haushi ne tsagwaronsa.

Daga Mashegu na ɗauki ɗan acaɓa. Sau biyu muna faɗuwa a taɓo, a na biyun ya ce shi daga nan ya juya, in ƙarasa da ƙafa. Takalmin da na saba tsomawa a kududdufin Auna ranar ya ga laka ta gaske, ƙafa ɗaya ma can na baro ta. Na bi kamfas ina haki har na iso inda jan layin Kyaftin ya ratsa. Na duba takarda, na duba gabana, na sake duba takarda. Babu fili. Gonar doya ce iya ganin ido.

Ku 'yan birni da kuke ganin doya a kan tire, ba ku san yadda take kwana ba. Kowace ɗaya ana tara mata tsibin ƙasa nata, tsawonsa ya kai cinyata, a kafa mata sanda ta hau. Tsibi na gogar tsibi, tsakaninsu kwari ne da ruwan damina ya kwanta a ciki. Ko jaki sai ya yi dabara zai ratsa, balle mota mai jan igwa. Taswirar tun zamanin da wurin yake saura, ba a noma shi, aka zana ta.

Ina tsaye baki buɗe sai na ji an ce, "Kai Malam! Sauka daga kan tsibina!"

Wani dattijo ne Bakambare, gajere kakkaura, da fartanya a kafaɗa. Daga baya na ji sunansa Baba Tanko. Ya dubi kamfas ɗina da biro da ƙafata ɗaya ba takalmi.

"Kai na gandun daji ne? In na gandun daji ne, iyakarku tana can bayan rafi."

Na ce, "A'a Baba, aune-aune kawai nake yi."

"Aunen me? Doya ba ta nuna ba tukuna."

Ban gaya masa sojoji na tafe ba, don ba a faɗar hanyar atisaye. Na dai yi ta yi masa tambaya, shi kuma da ya ga ba ƙwace gona na zo yi ba sai bakinsa ya buɗe. Irin doyar na mahaifinsa ne, ya ce, bai taɓa sayen iri a kasuwa ba. Shi da 'ya'yansa uku suka tada tsibin nan tun ƙarshen damina ta bara, wata biyu suna abu guda. Ita ce cinsu, ita ce suturarsu, in ta lalace har irin baɗi ya tafi. Ya nuna mini inda ruwa ke taruwa, da wani burtali ta arewa inda ƙasa ke da tsakuwa, shanu na bi ko ana tsakiyar ruwa. Na auna tsawon tsibi da sandata, na ƙirga taku tsakaninsu, na faɗi sau uku a cikin kwari. A na ukun ya ɗago ni yana dariya ya ce, "Malam, kai dai aikin zaune ya fi dacewa da kai." Na ce masa ai shi nake ƙoƙarin kashe wa kaina.

Kwana uku na yi ina tada tsibi a kan teburi. Murfin biro na samu, in cika shi da jiƙaƙƙen yashi in kife, in cika in kife, layi bayan layi, har bayana ya ƙage. Kowane na soka masa guntun tsinken tsintsiya, na barbaɗa koren garin katako. Tun da nake aikin ban taɓa yin abin da ya kai shi kyau ba, kuma shi ne karo na farko cikin shekara bakwai da na gina abin da na gani. Da na ba uwargidana labari sai ta ajiye muciya ta ce, "Malam, an ba ka kujera a ɗaki mai sanyi, kai kuma kana can kana yi wa yashi ƙuraje? To ka je ka gaya wa yaron nan tun da wuri mana, ya gyara abinsa."

Maganarta ita ce daidai, kuma na san ita ce daidai. Ofishin Kyaftin taku ashirin ne daga ɗakina. Da na je na ce masa ranka ya daɗe, ga abin da na tarar, da ya canja jan layinsa a cikin minti biyar, gona ta tsira, ni ma na tsira. Amma ina! Ni so nake a yi abin a gaban Kanar. Na samo tsohon zanin gado na lulluɓe teburin, da Kyaftin ya leƙo ya ce yaya aiki, na ce masa yashi bai bushe ba, in an buɗe zai tsage.

Ranar bayani ɗaki ya cika, hafsoshi sun kai ashirin, an jawo kwamfuta an ɗora a kan benci kusa da teburina. Ita aka fara. Ni ina rakuɓe a lungu ina roƙon Allah a ɗauke wuta. Garin da ba a yin awa biyu da wuta, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Kyaftin ya jera motocinsa shida, ya danna, suka bi koren fili sumul suka ƙetare, aka girke igwa, abokan gaba suka watse. Kwamfuta ta ce minti ashirin. Aka tafa.

Kanar ya juyo ya ce, "To Janar, mu ga naka."

Na yaye zanin gado. Sai Manjon nan mai dogon tudu ya ce, "Subhanallahi! Janar, ƙyanda ce ta kama teburin?" Ɗaki ya ɗauki dariya. Na ce a raina yau na kashe kaina da hannuna.

Kanar bai yi dariya ba. Mutumin ƙasar doya ne, daga can kudancin kogi, abin da ban ma tuna ba sai a lokacin. Ya sunkuya har hularsa na neman taɓa tsinkayen.

"Wannan tsibin doya ne?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"Tsawonsu?"

Na nuna cinyata. Ya tambayi tazararsu, na faɗa. Ya tambayi inda ruwa ke kwanciya, na nuna. Ya ce da idona na gani ko labari aka ba ni, na ce takalmina ɗaya yana can shaida. Ya ɗauki kwalin ashana ya ɗora a bakin gonar ya tura da yatsa. Kwali ya hau tsibi na farko, ya karkace a na biyu, ya kife a na uku. Ya bar shi a kife.

"Kyaftin, sa wannan a cikin na'urarka mu ga abin da za ta ce."

Kyaftin ya zauna ya yi ta dannawa. Irin ƙasar da wasan ya sani biyar ce: fili, daji, fadama, dutse, gari. Waɗanda suka auna nauyin kowace tanka ta yaƙin duniya ba su taɓa jin labarin doya ba. Ya miƙe ya ƙame ya ce, "Babu shi a ciki, Oga."

Kanar ya ce da ubansa zai ji an bi ta kan tsibin wani da mota, da ya tsine masa daga kabari. Ya tambaye ni ko akwai wata hanya, na ɗora sanda a kan burtalin arewa kamar ni na haƙa shi. Nan take aka mai da jan layi can. Ni kuwa na kumbura kamar talo-talo, har na fara tunanin irin gaisuwar da zan riƙa amsa wa Manjo da ita.

Da aka watse ina naɗe zanin gadona, Kyaftin ya dawo ɗaukar faifan kwamfutarsa. Na zaci zagi zan sha, har na shirya fuska. Sai ya tsaya ya daɗe yana kallon tsibin, ya ce, "Aikin ya yi kyau, Malam Mamman. Da ka gaya mini tun shekaranjiya, da na gode maka har in mutu." Ya fita. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba ko a shekarun kifin Auna.

An yi atisaye ta burtali, motoci shida suka wuce lafiya. Bayan wata biyu aka yi wa Kanar canjin wuri. Takardar rage ma'aikata ta iso, ashe tun kafin damina aka sa mata hannu, kuma teburin yashi na cikin abin da aka soke. Kyaftin gaskiya ya gaya mini tun farko. Gurbin mai kula da ɗakin kwamfuta aka ba wani masinja, ban kuma ga laifin kowa ba, don ni ma ba zan ajiye mutumin da ya lulluɓe mini rami da zanin gado ba. Aikina na ƙarshe a bariki na kafinta ne: aka ce tun da katakon teburin mai kyau ne, in farke shi in yi wa kwamfuta mazauni. Na yi shi da kyau kuwa, har da aljihun ajiye faifai. Yashin kuma masu buga bulo suka kwashe.

Na koma sassaƙa benci da kujerar tsuguno ina bin kasuwannin ƙauye da su. Abin da ya rage mini na taƙama guda ne, in na kwanta ina juyi sai in ce wa kaina, ko ba komai na ceci gonar bawan Allah. Da kakar doya ta kama, ran kasuwar Mashegu, sai ga Baba Tanko zaune a bayan tulin doya, kowace kamar cinyar ɗan dambe. Na ajiye bencina na tafi da sauri na gaishe shi. Ya gane ni, ya ce, "A'a, Malam mai faɗuwa!"

Na tsuguna na kwashe labari duka na ba shi, murfin biro, kwamfuta, Kanar, kwalin ashana, har takardar sallama. Na ce, "Baba, doyar nan da kake gani, da ba don ni ba da motocin soja shida sun bi ta kanta."

Ya saurare ni har na gama yana sakace haƙori. Sannan ya ce, "Soja? Malam, bana ko biri bai taɓa mini gona ba, balle soja." Ya juya ya yi wa na kusa da shi magana da Kambarci, suka kwashe da dariya. Ya sake dubana ya ce, "In doya kake so kyauta, ka roƙa don Allah, sai in duba maka ƙarama. Amma kada ka kawo mini labarin yaƙi."

To wace shaida zan kawo? Gona ce ba abin da ya same ta. Na zaɓi guda uku na saya yadda ya faɗa, bai rage mini komai ba, na ɗaura su a ƙarƙashin bencin da ban sayar ba na kamo hanyar gida Kontagora. Doyar ta yi daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba. Kwana biyu muka yi muna ci, a na uku muka koma tuwon dawa.